Tsakanin Asuba da Azahar: Tarihin Hidimar Gawa daga Los Anjeles zuwa Tambuwal

A watan Yuni na 2001 tashar talabijin ta HBO da ke Amurka ta fara nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake kira Six Feet Under, wato ƙafa shida a ƙarƙashin ƙasa, zurfin da Turawa suka saba ambatawa idan suna zancen kabari. Alan Ball ne ya ƙirƙiro shi, aka yi zango biyar mai kashi 63, aka rufe a watan Agusta na 2005. Labarin iyalin Fisher ne, mazauna birnin Los Anjeles, waɗanda sana'arsu ta gado ita ce shirya gawa da jana'iza. A saman bene suke kwana, su ci abinci, su yi faɗansu na cikin gida. A ƙasa suke karɓar masu makoki. Can ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa ake zuƙe jinin mamaci, a ɗura masa magani, a gyara masa fuska har ya yi kamar mai barci. Kusan kowane kashi da mutuwar wani yake buɗewa, kuma mamacin farko shi ne maigidan da kansa, wanda bas ta murƙushe sabuwar motarsa ta ɗaukar gawa a jajibirin Kirsimeti, ya bar wa 'ya'yansa maza biyu, Nate da David, gida da sana'a da kuma wani ƙaton kamfani da ke neman haɗiye su.

Duk marubucin da ya yi sha'awar ɗauko wannan labari ya dasa shi a Tambuwal, ko a Kebbe da ke maƙwabtaka da ita a kudancin jihar Sakkwato, zai tsaya cik tun a shafin farko, domin ba zai sami gidan da zai zuba 'yan wasansa ba. Wanda ya cika bayan sallar asuba a waɗannan garuruwa, galibi kafin a kira azahar an yi masa wanka da sutura, an sallace shi, an kai shi makwancinsa, har maza sun dawo sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Babu kwanakin da gawa za ta yi a hannun baƙo, babu akwatin da za a zaɓa, babu takardar kuɗi. Mukan ɗauka haka abin yake tun fil azal, su ma Amurkawa haka suke ɗaukar nasu, alhali kowanne daga cikin tsarin biyu yana da zamanin da aka kafa shi da mutanen da suka kafa shi. Idan aka bi sawun namu kuwa, za a tarar aikin da iyalin Fisher suke karɓar kuɗi a kansa yana nan a ƙasar Hausa. Raba shi aka yi, kuma kaso mafi nauyi ya faɗa kan mutanen da ba kasafai ake tambayar me suka ci ba.

Kafin 1861 jana'izar mutumin ƙauye a Amurka ba ta yi nisa da tamu ba. Matan gida da na maƙwabta ke wanke gawa, kafinta ya haɗa akwati na katako, a kwantar da mamaci a falon gidansa kwana ɗaya ko biyu, sannan a kai shi maƙabartar coci ko wani lungu na gonarsu. Yaƙin basasar da aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, wanda ya ci mutum fiye da dubu ɗari shida, shi ya karya wannan tsari. Samari suna mutuwa a fagen fama a Kudu, iyayensu na Arewa suna son gawa ta dawo gida, ga tafiyar kwanaki a jirgin ƙasa, ga zafi. Sai wasu likitoci da masu haɗa magunguna suka kafa tantuna kusa da sansanonin soja suna ɗura wa gawa sinadarai ta jijiya, ciki har da gubar asenik, domin ta jure hanya. Mafi shahara a cikinsu, Thomas Holmes, ya yi iƙirarin ya gyara gawa wajen dubu huɗu.

Abin da ya mayar da dabarar gaggawa ta zama ado shi ne gawar shugaba Abraham Lincoln. Ya rasu ranar 15 ga Afrilu, 1865, sakamakon harbin da aka yi masa, ba a rufe shi ba sai 4 ga Mayu. A tsakanin haka an bi da shi birni birni a jirgin ƙasa daga Washinton zuwa Springfield ta jihar Illinois, ana buɗe akwati dubban mutane suna wucewa suna kallon fuskarsa. Daga nan talaka ma ya so a yi wa nasa mamacin abin da aka yi wa shugaba. A 1882 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, kafinta ya zama daraktan jana'iza, falon gida ya ƙaura zuwa gidansa. A taƙaice, hajar da wannan sana'a take sayarwa ita ce jinkiri: kwanakin da za a riƙe gawa har dangi na nesa su iso, kuma kowace rana cikinsu tana da farashi.

Inda kuɗi ya shiga, ƙorafi ba ya nisa. A 1963 Jessica Mitford ta wallafa littafinta The American Way of Death, inda ta tona yadda ake amfani da ruɗewar masu makoki a tura musu akwatuna masu tsada. Sai a 1984 dokar tarayya ta fara aiki wadda ta tilasta wa gidajen jana'iza su nuna farashin kowane abu daban. A wannan tsakanin wani kamfani na birnin Houston, Service Corporation International, da aka kafa a 1962, ya yi ta saye ƙananan gidajen jana'iza na iyalai yana barin tsohon sunan gidan a jikin allo. Irin wannan barazana ce aka kwaikwaya a wasan na HBO. A ƙididdigar ƙungiyar masu sana'ar ta 2023, matsakaicin kuɗin jana'iza mai haɗe da kallon gawa da binnewa ya haura dala dubu takwas.

To, mu fa? Kuskure ne a zaci ƙasar Hausa da kewayenta ba su taɓa sanin jana'iza mai ado ba. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani ta Katsina, akwai manyan tuddai da aka tara a kan kaburburan wasu masu mulki na ƙarnonin da suka gabaci jihadi. Bature H. R. Palmer ya fara tona su a 1907, kuma binciken da aka yi daga baya ya fito da zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun ado, da kwanonin ƙarfe da aka ƙetaro hamada da su. Wanda aka rufe da irin wannan kaya, ba tsakanin asuba da azahar aka gama da shi ba. An tara ma'aikata, an kashe dukiya. Haka kuma ruwayar da ta zo game da Kanta, sarkin Kabi na ƙarni na 16, ta nuna cewa kibiya ta same shi a ƙasar Katsina yana dawowa daga yaƙi, ya rasu a hanya, mutanensa suka ɗauko gawarsa har Surame suka rufe shi a gida. Su ma sun fuskanci matsalar da iyayen sojojin Amurka suka fuskanta bayan shekara ɗari uku.

Kudu da Kebbe, idan aka wuce ƙasar Gummi aka nufi Zuru, nan ne ma aka sami abin da ya fi kama da sana'ar gado ta mutuwa a wannan yanki. Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, sun shahara da tukwanen kabari masu siffar mutane da dabbobi da mahaya, da ake ɗorawa a kan kushewar manyan mutane. Mata ne ke gina su, kuma a wasu gidaje na musamman, uwa ta koya wa 'ya. Yau da yawa daga cikin waɗannan tukwane suna gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Abin da ya sauƙaƙa jana'izar Bahaushe Musulmi shi ne fiƙihun Malikiyya, kuma ya daɗe a hannun malamai kafin ya game jama'a. Duk almajirin da ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya karanta babin: a wanke mamaci wutiri da ruwa da magarya, a sa kafur a wankan ƙarshe, a suturta shi da farin ƙyalle, a yi masa salla mai kabbara huɗu ba ruku'u ba sujada, a kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla. An so a gaggauta, an ƙi gini a kan kabari. Ko zurfin nan na ƙafa shida ba a nema ba. Malaman mazhaba sun fi son kada a zurfafa ƙwarai, ya dai isa ya tsare wari ya hana namun daji tonowa. Sai kuma hukuncin da ya fi kowanne tasiri a kan tattalin arzikin lamarin, wato cewa wanka da sutura da salla da binnewa fardu kifaya ne. Wajibi ne a kan garin gaba ɗaya: idan wasu sun yi an sauke wa kowa, idan kowa ya ƙi kowa ya ɗauki laifi. Abin da aka ɗora wa kowa da kowa da wuya ya zama hajar mutum ɗaya. Ga kuma bazarar Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, tana taya fiƙihu hujja.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tarar da littafi yana faɗin wani abu, jama'a suna yin wani. A cikin Ihya'us Sunna, wanda ya rubuta wajen 1793 yana Degel, ya bi ibadu babi babi yana ware sunna daga bidi'a, ya kuma ware wa jana'iza da maƙabartu nasu babin, yana yawan jingina da Madkhal na Ibnul Hajj, malamin da ya zauna a Misira. Kururuwar kuka, da gina kaburbura, da shafar su domin neman tabarruki, duk suna cikin abin da ya yi inkari. Wa'azi kaɗai ba lallai ne ya sauya al'adar da ta yi jijiya ba, amma bayan hijira zuwa Gudu a 1804 sai ga yaƙi. A Tsuntsuwa, ƙarshen wannan shekara, jama'ar Shehu ta yi asarar mutum wajen dubu biyu, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kusan ɗari biyu, kamar yadda Muhammadu Bello ya ruwaito. A 1805 aka sake yin wata babbar asarar a Alwasa, ba nisa da Gwandu. Shahidin fagen fama a mazhabar Malik ba a yi masa wanka ko salla, da tufafinsa ake rufe shi. Al'ummar da ta rufe zaɓaɓɓun malamanta haka, a daji, ba alama, da wuya ta dawo gida ta ga kwarjinin kabari mai ado.

Tambuwal 'yar wannan zamani ce. Ribaɗi ce, wato garin tsaron iyaka, da ke hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kuma zuriyarsa ce ke sarautar ƙasar har yau. Iyakar ba ta wasa ba ce, domin Kabawa, musamman bayan tawayen Yakubu Nabame a 1849, sun ci gaba da yaƙi daga Argungu har zuwan Turawa. (Kada mai karatu ya haɗa Kabi ta Kanta, wadda jihar Kebbi ta ci sunanta, da Kebbe ta jihar Sakkwato, sunayen ne suka yi kama.) A tsarin ribaɗi malami da manomi da mayaƙi sau da yawa mutum ɗaya ne, kuma masallaci shi ne cibiyar gari. A irin wannan wuri makara kayan masallaci ce, kamar buta da tabarma.

Sai dai tarihi yana da nasa barkwancin. Shehun da ya yi inkarin gina kaburbura, da ya rasu a Sakkwato a 1817 aka rufe shi a cikin gidansa, wurin ya zama Hubbare, kalmar da ta samo asali daga ƙubba ta Larabci, ana zuwa ziyara daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma, da masu hidimar da ke tsaron wurin. Haka na Abdullahi a Gwandu da na Bello a Wurno. Malamai sun daɗe suna ja-in-ja a kan iyakar ziyara da tabarruki, kuma ba a nan za a raba gardamar ba. Abin lura shi ne ko waɗanda ake kaiwa Hubbare ba su tsira daga dokar gaggawa ba. Ibrahim Dasuƙi, haifaffen Dogon Daji a ƙasar Tambuwal, mutum na farko daga gidan Buhari da ya zama Sarkin Musulmi, daga 1988 zuwa 1996, ya rasu a Abuja ranar 14 ga Nuwamba, 2016, washegari yana Hubbare. Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba, 2018, aka rufe shi a Shagari ranar 29. Lincoln kwana goma sha tara ya yi.

Yanzu a duba yadda aikin ke rarrabuwa a gari irin Tambuwal, domin a nan ne ma'aikatan gidan Fisher suke, sai dai a warwatse. Da zarar an tabbatar rai ya yi halinsa, ladan ko wani ɗan'uwa ya sanar a lasifikar masallaci. Wani ya auno tsawon mamaci da kara. Samari su saɓa diga da shebur su nufi maƙabarta, su fara da uwar kabari mai faɗi, sannan su tsaga ɗan kabari a tsakiyarta daidai jikin mutum. Wasu suna saro itacen da za a jera a kai, wasu suna ɗebo ruwa ana kwaɓa ƙasar da za a liƙe da ita. A wasu garuruwan, irin Kano, tukwane ake kifawa maimakon itace, wanda ya sa magina tukwane ma suna da nasu kason. A gida an aika kasuwa an yanko alawayyo, tela ko wani dattijo ya haɗa likkafani, mata sun ɗora ruwa. Liman ko wani amintacce daga dangi ya shiga wanka, kuma sharaɗin da ba a rubuta ba shi ne abin da idonsa ya gani a nan bakinsa ba zai faɗa ba har abada. Bayan salla maza su yi ta karɓa-karɓar makara, har wanda bai san mamacin ba yakan sa kafaɗa taku kaɗan domin neman lada.

Rabin wannan aiki ba a ganinsa, domin gawar mace mata ke wankewa, idan ba mijinta ba. A kowace unguwa akwai tsohuwa ɗaya ko biyu da aka sani da wannan, sau da yawa ita ce kuma ungozoma, hannun da ya karɓi mutum ranar zuwansa shi ke sallamarsa. Ilimin nan yana da tarihi a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, wato shugabannin mata na ƙauyuka, ke zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar, kuma suturta mata 'yan'uwansu na cikin hidimomin da aka san 'Yan Taru da su. Babu allon da ke ɗauke da sunan waɗannan tsofaffi. Abin da sukan samu shi ne ragowar sabulu da turare, wani lokaci zanen mamaciya, da addu'a.

Kuɗin mutuwar Bahaushe ba a kan gawa yake tafiya ba, a kan masu rai yake ƙarewa: zaman makoki, abincin baƙi, gumba da waina, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. A nan ne gardamar ƙarni na 20 ta sauka. Sheikh Abubakar Gumi, ɗan Gummi mai iyaka da Kebbe, wanda ya yi elementare a Dogon Daji, da kuma ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, sun ɗauki waɗannan taruka a matsayin bidi'a mai ɗora wa marayu nauyi, suna tunatar da cewa maƙwabta ne ya kamata su dafa wa gidan mutuwa. Malaman ɗariƙu suka ce sadaka ce da addu'a da ke isa ga mamaci. Har yau akan sami gida ɗaya da ra'ayi biyu. Amma a duk tsawon wannan muhawara, wadda ta cika kaset-kaset da mumbarori, da wuya a ji an tsaya a kan tambayar wa ya haƙa ramin, kuma me aka ba shi.

A ƙauye tambayar ba ta da zafi sosai, domin wanda ya haƙa wa uban wani yau, gobe za a haƙa wa nasa. Bashi ne da ke zagayawa. Birni ne ya tsinka zagayen. Inda ake kawo gawa da yawa a yini, ma'aikaci yana ofis, ɗan kasuwa yana rumfa, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, dole wasu su tare a maƙabarta dindindin, kuma fardu kifayar mutum miliyan ta koma wuyan mutum ashirin. A farkon 2025 BBC ta ba da labarin wani iyali a maƙabartar Tudun Wada ta Kaduna. Wasu 'yan'uwa biyu ne suka fara aikin a shekarun 1970. Yau su biyun suna kwance a cikin maƙabartar, 'ya'yansu ke riƙe da ita, suna haƙa, suna wanka, suna gadi. Fiye da shekara hamsin ba su da albashi sai abin da masu rakiyar gawa suka jefa. Sai dab da fitar rahoton ƙaramar hukuma ta sa su cikin masu karɓar albashi, shi ma ƙasa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000. Idan ana neman iyalin Fisher na ƙasar Hausa, ga su nan: gado iri ɗaya, uba ya mutu ɗa ya ɗauki diga, sai dai babu kamfanin da ke zawarcin sayen sana'arsu.

A kudancin Nijeriya kuwa akwai gidan Fisher sak. Kamfanin MIC na iyalin Okusanya, da ya tashi daga aikin kafinta a titin Odunlami na tsibirin Legas, ya zama babban suna a harkar akwatuna da jana'iza. Ranar 3 ga Oktoba, 2013, jirgin da ya ɗauko gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu, kwana ashirin bayan rasuwarsa, ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Legas, kuma shugaban kamfanin, Tunji Okusanya, da ɗansa suna cikin waɗanda suka rasu. Ƙasa ɗaya ce, amma can an yarda a kira aikin sana'a a yanka masa farashi.

Mutane da yawa suna zaton addini ne ya hana a biya mai haƙar kabari. Littattafan ba haka suka ce ba. A babin ijara na Muhtasar Halil da sharhohinsa an bambanta ibadar da ta hau kan mutum shi kaɗai, wadda ba a karɓar lada a kanta, da fardu kifaya irin wankan gawa da ɗaukarta da haƙa kabari, waɗanda ya halatta a yi ijara a kansu muddin akwai wasu da za su iya yi. A babin gado kuma an sa kuɗin shirya mamaci gaba da bashin da ke wuyansa, gaba da wasiyya, gaba da rabon magada. Ke nan a tsarin shari'a mai diga yana gaban mai bin bashi da ɗan fari. Abin da ya mayar da shi ƙarshen layi kunya ce ta ɓangare biyu: shi yana jin nauyin ya yanka kuɗi a kan gawa kada a ce yana cin abinci da mutuwar mutane, su kuma masu gawa sun fake da cewa aikin Allah ne. A ganina kunyar farko abin girmamawa ce, ta biyun kuwa akwai son banza a cikinta.

Akwai kuma wani aikin da waɗannan mutane suke yi wa ƙasa ba tare da an ɗauke su ba. A Amurka gawa ba ta shiga ƙasa sai da takardar shaidar mutuwa, kuma daraktan jana'iza ne kan cika ta ya miƙa wa hukuma, don haka gidan jana'iza ofishin ƙididdiga ne a fakaice. A Nijeriya dokar 1992 ta wajabta rajistar mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma wanda aka rufe kafin azahar, ya mutu a ɗakinsa ba a asibiti ba, da wuya sunansa ya shiga wani littafi. A watan Afrilu na 2020, lokacin korona, masu haƙar kabari na Kano ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce ƙima, tun hukuma tana musantawa. Da aka bi gida gida ana tambayar iyalai, ministan lafiya Osagie Ehanire ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sila. Shekara goma kafin nan, a 2010, yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Bukkuyum da Anka na Zamfara, can gabas da Kebbe, shi ya kai likitocin ƙungiyar MSF ga gano gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka tafi, kuma jerin ƙananan kaburbura a bayan gari ya riga kowane rahoto faɗin haka.

Duk wannan tsari, tun daga Risala har ribaɗin Buhari, a kan abu ɗaya ya dogara: a sami jama'a a zaune wuri ɗaya. A 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga da suka tsallako daga dazukan Zamfara sun taɓa ƙauyukan Kebbe, kamar yadda suka daɗe suna yi wa gabashin Sakkwato. Idan aka tashi gari da dare, samarin da za su haƙa sun bazu a daji, liman yana wani gari, makara tana masallacin da ba mai iya shiga. A wurare da dama na Arewa maso Yamma an sha jiran rakiyar jami'an tsaro kafin a koma a kwaso gawarwaki, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu, a yi musu salla a jere, a rufe su cikin sauri ana waige. Jinkirin da Ba'amurke ke saye da dala ya zo mana ta ƙofar da ba mu nema ba, kuma ba mu da ɗakin sanyi ko magani, sai mutuwaren babban asibiti idan akwai wuta.

Waɗanda suka yi gudun hijira zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ko garuruwan bakin titi, idan ajali ya same su a can, a maƙabartar masu masauki ake rufe su, nesa da iyayensu. Kabarin Bahaushe ba shi da suna a jiki. Ɗan tudu ne da reshe ko fasasshen tulu a wajen kai, damina biyu ko uku ta shafe shi. Ranar da ɗan mamacin zai dawo yana neman inda aka sa ubansa domin ya tsaya ya yi masa addu'a, ba sakatariyar ƙaramar hukuma zai nufa ba. Zai tambayi wanda ya riƙe diga a ranar, idan yana raye, idan kuma ya tuna.